Mataimakin Jakadan da Ya Zauna a Bakin Gada

Kowace safiya, kafin in gama fito da tayoyina in jera su a bakin titi, shi ya riga ya iso. Ofishin jakadancinsu yana daura da rumfata, titi ne kawai ya raba mu. Yakan sauko daga mota da wata tsohuwar jaka a hammata, ya ɗaga kai ya dubi tutar ƙasarsu kamar mai duba hadari, sannan ya gaisa da mai gadi, ya gaisa da mai shayi, ni kuma ya ɗago mini hannu. Harshenmu a bakinsa a karkace yake, yara har kwaikwayonsa suke yi, amma bai taɓa tsallake gaisuwa ba. Daga nan sai ya shige ciki ya zauna kan aikin da ba mai kallo: buga hatimi a fasfo, neman ɗan ƙasarsu da ya ɓata, raka gawa filin jirgi idan wani nasu ya rasu a nan. Ba shi ne jakada ba, na biyunsa ne. Shi ya sa duk unguwa muke ce masa Mataimaki.

Ni mai faci ne, karatuna bai yi nisa ba, don haka mai karatu ya yi haƙuri da ni, a hankali zan tafi. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne ƙarshen watan nan Mataimaki zai ajiye aiki ya koma ƙasarsu, kuma na saurari rediyo na gaji ban ji wanda ya ambace shi ba. Lokacin da aka yi sulhu an nuna manya suna musabaha, shi ko ƙeyarsa ba a nuna ba. To ni dai ina da abin faɗa, kuma ba zan ɓoye cewa mun daɗe ba mu yarda da shi ba. Wasunmu har yau.

Da yaƙi ya shigo gari, unguwarmu ce ta faɗa tsakiya. 'Yan tawaye suna kan tudu a bayanmu, sojoji sun tare gada a gabanmu, duk abin da wannan ya harba wa wancan ta kanmu yake wucewa, wani lokaci kuma ya gaji a hanya ya sauka a kan rufin wani. Jakada ya tafi tun a makon farko. Muna tsaye muka ga an loda akwatuna, motoci suka bi juna zuwa filin jirgi, har direban ofishin ya bi su. Da safe sai ga Mataimaki ya fito ya ɗaga tuta da hannunsa.

Mai shayi ne ya fara magana. Ya ce, "Kai mai faci, ka taɓa ganin wanda aka ba kujera a jirgi ya ce a'a, shi harsashi yake so? Mutumin nan akwai abin da yake ci."

Na ce, "Wataƙila tausayi ne."

Ya ce, "Tausayi? Bari in zuba maka shayi kyauta, tun da yau ranar tausayi ce." Bai zuba ba.

Gaskiya ni ma abin ya tsaya mini a rai, kuma ta hanyar sana'ata ya tsaya. Tun da direba ya gudu, Mataimaki ke tuƙa kansa, tuƙin kuwa sai addu'a, ba ramin da yake gani ya kauce masa. Kusan kullum sai ya kawo mini taya. Mu masu faci, taya tana gaya mana inda ta je. Yau in ga jar laka ta cika zanenta, irin wadda babu ita sai a kan tudu, wurin 'yan tawaye. Gobe in zaro guntun waya mai ƙaya, irin wadda sojoji suka shimfiɗa a bakin gada. Wata rana duka biyun na gani a taya ɗaya. Na tsuguna ina juya ta cikin ruwa ina neman inda take fitar da iska. Mutum ɗaya, rana ɗaya, ya sha shayi da waɗanda suke son kashe juna, ya dawo ba ko ƙwarzane. Me yake kai musu? Me yake karɓowa?

Na ɗago na ce, "Yallaɓai, motar nan tana shan wahala."

Ya ce, "Ta fi ni haƙuri." Iyakar abin da ya faɗa ke nan.

Ba ni kaɗai na lura ba. Nan da nan aka sa masa suna Mai Fuska Biyu. Idan aka kama wani a unguwa, sai a ce shi ya kai sunansa. Idan wuta ta sauka a wani layi, sai a ce jiya an ga motarsa ta bi ta nan. Duk da haka, da ruwan famfo ya ɗauke, ƙofar ofishinsa muka je, don akwai rijiyar burtsatse a ciki, kuma ya buɗe mana. Mata suna ɗiba suna zaginsa ƙasa-ƙasa. Yana ji, na tabbata, don harshenmu a baki ne kawai yake ba shi wahala, ba a kunne ba.

Yanzu bari in kawo maganar Yayana, don saboda shi nake wannan rubutu. Tun rasuwar Baba shi ke riƙe da gidanmu. Ɗan dako ne a rumbun hatsi, tun yana saurayi yake saɓa buhu, har kafaɗarsa ta dama ta yi kanta, baƙa ƙirin, mai tauri kamar fatar taya. A da ba wanda ya damu da ita. Amma sai labari ya zo cewa sojojin gada suna tuɓe wa samari riga, duk wanda suka ga tabo a kafaɗarsa sai su ce sawun igiyar bindiga ne, su ja shi gefe. Waɗanda aka ja gefe, ba mu ji wanda ya dawo ba. Inna ta shafa wa kafaɗar nan mai, ta goge ta da dutse, ta jiƙa ta da ruwan zafi. Yaya yana dariya yana cewa, "Inna, in kika kankare ta da me zan ci abinci?" Ita kuwa ba dariya take yi ba.

Da abinci ya ƙare a unguwa, Mataimaki ya tara mu a farfajiyar ofishinsa da hantsi. Ya ce ya samo mana rana ɗaya da ba za a yi harbi ba, daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, za mu fita a motoci ta gada. Mutane suka fara kabbara. Sai ya ɗaga hannu ya kawo sharuɗɗansa. Tafiya a hankali, gilashi a sauke. Ba makami, ko wuƙar yanka albasa. Ba a ɓoye kowa a ƙarƙashin kaya. Kuma ya ce ya riga ya gaya wa ɓangarorin biyu ranar da hanyar da za mu bi.

Wuri ya kaure. Wani dattijo ya ce, "Ka gaya musu? Ashe har ka gama sayar da mu, mu ne ba mu da labari!"

Mataimaki ya ce, "Baba, motar da ba a san da zuwanta ba ita ake harbi."

Mai shayi ya ce, "To, Yallaɓai, tun da kai ke da tuta, kai za ka shige gaba ko?"

Ya ce, "A'a. Ni ne na ƙarshe."

Mai shayi ya juyo ya dube mu ɗaya bayan ɗaya. "Kun ji ko? Mu taka nakiya, shi ya bi sawu."

Bayan an watse, Inna ta ja hannun Yaya har gaban Mataimaki, ina biye da su. Ta ce, "Bawan Allah, ɗana ne wannan, bai taɓa riƙe ko danƙo ba. Ka bar ni in sa shi ƙarƙashin katifu."

Ya ce, "Mama, in suka zaro mutum ɗaya daga ƙarƙashin katifa, duk wanda ke motar ya zama mai laifi." Ya sa Yaya ya janye wuyan rigarsa, ya duba kafaɗar, ya daɗe yana dubawa. Sannan ya ce, "Ku shiga babbar motar da za ta kasance a gabana."

Inna ta ce, "Alkawari ka yi mini?"

Ya ce, "Ban yi ba. Ba na alkawarin abin da ba ya hannuna."

A hanyar gida Inna ta ce, "Kun gani? So yake ya ajiye shi kusa, ya miƙa musu da hannunsa." Ni ma tunanin ya zo mini.

Ranar tafiya muka hau babbar motar, mu da maƙwabta. Cikinsu akwai mai ɗinki da ke jikin gidanmu da ɗanta tilo, Dogo, mai gyaran waya. Rana ta take sosai kafin layi ya kawo kanmu, don sojoji mota-mota suke bincike. Da aka zo tamu, suka ce duk namiji ya sauko ya cire riga. Ni a tsugune nake aikina, kafaɗata sumul, suka ce in hau. Yaya kuwa ko taɓa shi ba su yi ba, kallo ɗaya suka nuna masa gefe. Suka ware shi da wasu 'yan dako biyu da Dogo, suka zaunar da su a rana, hannu a ka. Aka ɗaga sandar shinge aka ce direbanmu ya wuce. Ya wuce, amma gada a cushe take da motocin gaba, don haka dab da shingen muka tsaya. Inna ta kama ƙarfen motar tana leƙen inda aka zaunar da Yaya.

Saura mota ɗaya, mai tuta. Soja ya yi mata alama ta wuce. Ta matso a hankali har ta zo daidai ƙarƙashin sandar, sai muka ji injin ya mutu. Mataimaki ya fito, ya sa makulli a aljihu, ya taka zuwa inda samarin suke, ya tattara wandonsa ya zauna a ƙasa kusa da Yaya. Dattijo mai furfura, da kwat a jikinsa, a kan kwalta mai zafi.

Kyaftin ɗin da ke riƙe da gadar ya taso. "Yallaɓai, lafiya? Motar ce ta lalace?"

"Lafiyarta lau."

"To ka wuce mana, an buɗe maka."

"Na gode, Kyaftin. Mutanena nake jira."

"Waɗannan ba mutanenka ba ne, ko ƙasarku ba su sani ba."

"Da su na taho."

Kyaftin ya nuna kafaɗar Yaya da bakin sandarsa. "Ka san mene ne wannan?"

Mataimaki ya ce, "Na san abin da kake zato. Ni buhu nake zato. Ba ni da hujja, kai ma ba ka da ita. Sai mu zauna."

Suka zauna kuwa. Wato shi ya zauna, Kyaftin yana kai da kawowa. Aka kawo masa kujera ya ce ya gode. Aka kawo ruwa ya miƙa wa samarin. Wani soja ya ce a tura motar da hannu, Kyaftin ya daka masa tsawa, don mota mai tuta ba a taɓa ta. Inuwar sandar shinge tana ta tsawo. A cikin motarmu wata mata ta fara cewa, "Wasan kwaikwayo ne, sun shirya abinsu tun jiya." Wani ya ce, "So yake rana ta faɗi muna kan gada."

Can Kyaftin ya kasa daurewa, ya ɗaga murya har muka ji. "Yarana suna can kan tudu suna zubar da jini! Kai ka ce da ka haye za ka kira a sako motar asibitin. Ka kira mana!"

Mataimaki ya ce, "Haka muka yi da su, haka muka yi da kai. In na haye zan kira. Ban haye ba."

A nan ne kaina ya waye. Ashe akwai sojoji masu rauni a hannun na kan tudu, kuma ya ɗaure sakinsu da hayewar motarsa. In da shi ne a gaba, da ya haye, da an saki nasu, mu na baya kuma sai yadda aka ga dama da mu. Muddin tutar nan tana bayanmu, ba mai iya rufe hanya. Abin da jar laka da waya mai ƙaya suke ƙullawa ke nan duk kwanakin nan.

Kai ne, Mataimaki, ka mai da kanka murfin layi. Kai ne ka ji ana ce maka matsoraci a farfajiyar ofishinka, da bakin mutanen da ka ba ruwa, ba ka tsaya wanke kanka ba, don in ka bayyana dabarar ta lalace. Na bayan ayari, mai zama inda aka ce a wuce.

Rana ta yi ja sosai kafin Kyaftin ya sauko. Ya shuri ƙafar Yaya ya ce, "Tashi, ɗan dako." Ya tashi sauran biyun. Amma da ya zo kan Dogo sai ya tsaya. Ya ce, "Wannan ba maganar kafaɗa ba ce. An gan shi a kan tudu. Ko za ka kwana a nan, Yallaɓai, ba zan ba ka shi ba."

Dogo yana kuka yana cewa, "Wallahi waya suka sa ni gyarawa, da bindiga suka zo har shago!"

Mataimaki ya dubi rana, ya dubi gadar da ke cike da mata da yara, ya dubi Dogo. Ya roƙa, na ji da kunnena, har ya ce a riƙe shi a madadin yaron. Kyaftin ya ce, "Me zan yi da kai?" Daga ƙarshe Mataimaki ya miƙe da ƙyar, gwiwoyinsa sun riƙe. Ya tambayi Dogo cikakken sunansa da ƙarfi, ya maimaita yadda kowane soja zai ji. Ya fito da wayarsa ya ɗauki hotonsa, Kyaftin yana tsaye a gefensa. Ya ce, "Kyaftin, a hannunka na bar shi, da ƙafafunsa biyu da idanunsa biyu. Gobe zan zo in gaishe shi." Sannan ya shiga mota ya tayar.

Yaya ya hau motarmu ba riga, Inna ta rungume shi tana shafa kansa kamar jariri. A gefenta kuwa mai ɗinki tana dukan jikin mota tana cewa, "Ka ba da nawa ka karɓi nasu! Allah ya isa tsakanina da kai!" Mata uku suka riƙe ta. Haka muka haye. Ba mu yi nisa ba muka ji harbi ya dawo a bayanmu.

Mun koma unguwa bayan sulhu. Dogo yana raye, yana tsare har yanzu, ba a kai shi kotu ba. Sauran da aka ja gefe a gadar nan kafin ranarmu, ba a ga ko takalminsu ba. Mai gadin ofishin ya gaya mini cewa washegarin ranar Mataimaki ya koma gadar kamar yadda ya ce, kuma tun daga nan duk inda aka mayar da yaron sai ya bi sawu, ya kai masa sabulu da magani, ya tsaya a ƙofar manya har su gaji su ba shi kujera. Ni ma shaida ne ta wajen taya, don yanzu farar ƙurar hanyar gidan yari nake gani a jikinta.

Zargin bai mutu ba, kada in yi ƙarya. Mai ɗinki ba ta amsa gaisuwarsa, in ta hango motarsa sai ta juya baya, kuma ba ni da bakin ce mata ta daina. Mai shayi ya ce ƙasarsu ta samu wani abu a cinikin, in ba haka ba me ya sa ba su kira shi gida ba. Wasu sun ce da ya ƙara zama kaɗan da an saki Dogo. Wasu sun ce da ya ƙara, da duk mun mutu a kan gada. Ban san abin da aka faɗa a ɗakunan da ya shiga ba, ba a gayyaci mai faci ba. Abin da idona ya gani shi na rubuta.

Shekaranjiya aka zo kwashe kayansa. Yaya ya bar aikinsa ya zo ya shiga cikin masu lodi, ba wanda ya kira shi. Mataimaki yana tsaye a bakin ƙofa, ya ƙara tsufa, ya dubi Yaya bai gane shi ba. Ya ce, "Samari, a hankali da wannan, kofuna ne." Yaya ya ce, "To, ranka ya daɗe." Ya ɗauki akwatin kamar mai ɗaukar ƙwai. Da na ce wa Yaya me ya sa bai faɗi ko shi wane ne ba, sai ya ce, "In na buɗe baki kuka zan yi a gaban mutane."

To ni na faɗa a madadinsa. Mun gode, Mataimaki. Inna ta gode, ko da ba za ta iya zuwa ta faɗa ba saboda kunyar maƙwabciyarta. Allah ya kai ka gida lafiya, ya ba ka hutun da gwiwoyin nan suke nema, ya haɗa ka da direba na kirki.

Ku kuma da ake turowa ƙasashen mutane da tuta a gaban mota, ku sani ba don biki da musabaha kaɗai aka ba ku ita ba. Ranar da gari ya rikice, akwai talakan da duk duniya ba shi da wata inuwa sai wannan ƙyallen. Ku shiga wurin wanda kuke ƙyama ku yi magana da shi, ku jure zagin waɗanda kuke yi dominsu, kada ku zama na farko a jirgi.

Wanda zai gaji kujerarsa kuma, ga saƙona. Rumfata tana daura da ƙofarka, facin farko ba sai ka biya ba. Amma akwai wani saurayi dogo a gidan yari da ya saba duk mako ana zuwa a kira sunansa da ƙarfi a gaban masu tsaronsa. Wannan kiran ne yake riƙe da ransa. Kada mako ya wuce ba a kira ba.